Kunnen da Ke Ƙirji

A dirowar ƙasa, ƙarƙashin safar hunturu,
na tarar da kunnen kakata.
Bai kai kwalin taba girma ba,
launin madarar da ta kwana,
gefensa ya sha hannu har ya yi sulɓi.

Shekara talatin da ɗaya Ivy Ormerod
ta tsaya tsakanin injunan saƙa a Burnley.
Auduga ta fita, ta zama riga a jikin wasu,
ƙarar ta zauna mata a ka.
Matan masaƙa ba sa ihu, leɓe suke karantawa,
gulma ta ƙetare zaure ba ta taɓa iska ba.
Ran da aka rufe masaƙar
shiru ya rako ta gida, ya nemi kujera.

Sai asibiti ya ba ta wannan.
Tiranzista uku ne a ciki, in ji mai gwajin,
kowanne bai fi ƙwayar wake ba.
Na da, sai an ɗaura masa batir biyu a ƙugu;
wannan guda ya ishe shi.
Ƙugiya a baya don cafke riga,
'yar taga mai huji-huji a gaba, ƙofar magana,
sai waya, tufka biyu, siririya,
ta bi ƙarƙashin wuyan riga ta haura
zuwa maɓallin da ke toshe a kunnen hagu.

Ranar farko ta tsaya a bayan gida,
ruwa na sauka kan murfin bola.
Ta juyo ta ce, “Wa ke suya?”

Aibinsa ɗaya, ba ya zaɓe.
Ulu ya gogi ulu, ya kai mata labari.
Cokali ya faɗi, aradu ce.
Ta ɗinka masa 'yar jaka mai laushi,
bai daina tsegumin tufafi ba.
In ta rungume ni sai ya yi fito,
mu biyu mu zabura.

“Bar kallon kunnena, yaro,
yi magana da ƙirjina, nan nake ji.”
Haka na taso ina faɗa wa zuciyarta
cewa na ci jarrabawa,
cewa ni na fasa tagar su Duckworth.
Ko tarho, kifa kansa take yi, ta manna a ƙirji,
ta tura ɗan makunnin daga M zuwa T,
kamar mai lallashin jariri.

In kakana Wilf ya soma kukan tsadar kwal
da ƙwallon da aka ci su ranar Asabar,
babban yatsanta ya sulale cikin rigar sanyi,
ya murza ɗan gare-garen nan ƙasa.
Tana gyaɗa kai. Yana jin daɗi.
Aure ya kai shekara arba'in da huɗu.

Yau na kankare tsatsar gidan batir,
na sa sabo, na toshe kunnena.
Huci ya fara zuwa, kamar butar shayi a ɗaki na uku,
sai rigata, sai numfashina,
sai agogon bango da na daɗe da daina ji.

Lambobin sun kai tara.
A kan biyu ta bar shi.

Ban murza ba.
Na sunkuyar da kai wajen ƙirjina
na ce, “Kaka, ni ne.”