Gindin Dabino

Shekara sha tara ina hawan dabinon Kudai,
tafin ƙafata ya san kowane tabo a jikinsa.
Ran wata Laraba igiya ta tsinke.
Ƙasa ta karɓe ni, ta riƙe rabina.

Damina biyu fuskata na bango,
kunun Ladidi yana hucewa a gefena.

Sai ɗan Sadau ya leƙo zaure:
"Kawu, yaushe ake yi wa dabino aure?"

Yau ina gindinsa, kan keken hannu,
yaro a sama, ni ke ganin hanya:
"Dama kaɗan! Taka nan!"

Ya sauko mini da nonon fari.
Na tauna.
Zaƙin bai san na canza ba,
ni ma ban gaya masa ba.