Mudu Biyu a Kasuwa Ɗaya

Ni ne Tasi'u, mai gyaran na'ura a titin Beirut.
Shekara uku ina koya wa wata 'yar manhaja darar ces,
da dare, in na rufe shago, kafin a ɗauke wuta.
Na raɗa mata suna Kurciya,
ba ta da ƙarfi, amma ta san hanyar gida.

Gidan nata tsohuwar kwamfuta ce
da wani ɗalibi ya bari jingina, bai waiwayo ba.
Madannai biyu sun zube kamar haƙoran kakata.
Fankarta tari take.
Batirin, in ya yi kirki,
ya raka ka daga Azahar zuwa La'asar, ya kwanta.

Ran gasa na saɓa ta a jaka,
adaidaita ta sauke ni a bakin tsohuwar jami'a.
Munzali kuwa, tasa mutum biyu suka ɗauko,
baƙin akwati mai shuɗin ido,
ƙwaƙwalwa sittin da huɗu a cikinsa, in ji shi:
kowane gidan dara da nasa mai gadi.

Malama Ladidi ta karanta doka:
allo ɗaya, agogo ɗaya,
mayaƙa goma sha shida ga kowa, minti goma-goma.
Aka tafa. Ni ma na tafa.
Sai dai na ƙura wa agogon ido,
don minti guda na akwatin nan
ya haɗiye sa'a guda tawa, bai ko yi gyatsa ba.

Kurciya na hango taku goma sha biyu,
tasa na leƙa bayan talatin.
Ta ba da doki don ta ceci sarauniya,
ashe tun taku na tara aka haƙa mata rami.
A na arba'in da ɗaya, sarkina a kusurwa,
ba gaba, ba baya.

Na ce, Malama, a Dawanau
in mai awo ya zo da mudu biyu,
sarkin kasuwa ake kira.
Wa kuka auna yau, hankalin da ya rubuta,
ko aljihun da ya saya?

Munzali bai yi fushi ba.
Ya ce, shekara biyar ina tari, har filin gadona na sayar.
A gidan dambe ka taɓa jin an ce
mai dogon hannu ya rage tsawo?
Na rasa amsa. Ni ma da na samu, da na saya.

Bayan Magariba zaure ya watse,
saura mu biyu da mai gadi yana cin gurasa.
Muka yi musayar gida:
Kurciya a baƙin akwati, tasa a tsohuwata.

Tasa ta shiga, ta cika ɗakin, ta kasa juyi.
Fanka ta yi kuka, murfi ya ɗau zafi kamar tanda,
agogo ya cinye ta tana tsakiyar tunani.

Na buɗe baki zan yi dariya,
sai Munzali ya nuna mini allo.
Ƙwaƙwalwa sittin da uku barci suke,
ɗaya tak Kurciya ta tasa.
An ba talaka gida mai ɗaki sittin da huɗu,
ya shimfiɗa tabarmarsa a zaure.
Ni na koya mata haka:
tsimi, da lallaɓa, da ƙirga kowace ƙwaya.
Ban taɓa koya mata yalwa ba,
ina na gan ta?

Mai gadi ya karkaɗe hannu, ya ce, to wa ya ci?
Munzali ya dube ni, na dubi Munzali.
Ƙyat, aka ɗauke wuta.
Baƙin akwati ya rufe ido nan take.
A duhun zauren, tsohuwata kaɗai ke haske,
saura kashi bakwai,
tana tari.