Sandar Awo

Shekara talatin da ɗaya ina yankan katako a Tudun Jukun
da sanda guda, wadda maigidana ya bar mini gado.
Kamu ɗaya da taƙi, tsayin ƙafar benci ke nan,
ko na ɗan aji ɗaya ne, ko na wanda gemu ya soma yi wa sallama.
Ban taɓa tambaya ba.
Zarto ba ya tambaya.

Wata Laraba Malama Lantana ta sauko daga acaɓa,
alli a gefen mayafinta, littafi a hammata.
Ta ce, "Malam Barau, benci arba'in muke so,
amma kada ka taɓa guduma sai ka zo ka ga masu zama."
Na yi dariya a ciki.
Yaushe aka soma kai wa kafinta yara kamar tela?

Na je Gyallesu don kunya.
Na tsaya a bakin taga, hulata a hannu.
Benci nawa ne, na gane kan ƙusata,
na gane inda na cike tsaga da garin katako.
Ga Ilu a gaba, ƙafafunsa na reto
kamar guga da bai kai ruwa ba,
haɓarsa a kan tebur, yana leƙen baƙaƙen da yake rubutawa.
Ga Sagiru a baya, dogon Kwarbai,
ya naɗe kamar tabarma,
gwiwarsa ta yi kanta saboda gogar katakona.
Ga wata bahaguwa, Kubura,
ita da maƙwabciyarta suna dambe da gwiwar hannu,
ba wadda ta yi laifi.

Nan na tuna:
baduku yakan zana ƙafa kafin ya yanka fata,
tela yakan zagaye ƙirji da tef,
mai haƙa kabari ma sai ya aika a gwado da kara.
Wanda ya mutu ana auna shi,
ni kuwa masu rai nake yi wa makwanci da ka.

Kwana uku muna awo.
Daga diddige zuwa bayan gwiwa,
daga mazauni zuwa gwiwar hannu,
faɗin ƙugu, tsawon cinya, inda kafaɗa ta tsaya.
Ita tana rubutu, ni ina durƙuso
gaban yaran da na haifi iyayensu.
Ilu ya ce tef ɗin na yi masa cakulkuli.
Sagiru ya ƙi miƙewa sosai,
ya saba da neman gafarar tsayinsa.

Hedimasta ya ce katako ya yi tsada a Sabon Gari,
awo uku ai kuɗi uku ne.
Na ce a'a, ranka ya daɗe,
abin da na rage a ƙafar gajere
shi zan ƙara a ƙafar dogo.
Itace ɗaya ne, rabon ne ya canza.
Daidai ruwa, daidai tsaki.

Ranar da muka kai su a amalanke,
kore na ƙanana, shuɗi na tsakiya, ja na zaratan,
na ba Kubura bakin hagu, ita kaɗai da sararinta.
Ilu ya hau, ya zauna, ya yi shiru.
Sai na ji tas, tas,
tafin ƙafarsa yana gaisawa da siminti.
Ya dube ni kamar na sauko masa da ƙasa daga wani wuri.

Yanzu sandar maigidana tana rataye bayan ƙofa,
ina korar awaki da ita.
Da dare, in doron nan nawa ya motsa,
nakan tambayi kaina wane benci ne ya fara lanƙwasa shi,
kuma wa ya ƙera, da wace sanda.

Malama ta aiko jiya:
Ilu ya ƙara inci biyu tun damina,
kore ya soma matse shi.
Na ce to, madalla.
Na ɗauki tef.