Tartsatsi a Zanin Gado

Unaiza, daren Laraba, ƙarfe biyu.
Iska ta bushe kamar ƙwallon dabinon da aka tsotse aka yar.
Na ɗaga zanin gado in gyara wa tsohuwa ƙafa,
sai ga wuta, shuɗiya, ba ta kai ƙwayar gero ba,
ƙyas, ƙyas, tana bin yatsuna.
Babu hayaƙi, babu ƙauri, babu abin da ke ƙonewa.

Hajiya Mudi ta farka da a'uzubillahi.
"Tabawa, su ne! Sun biyo ni har makwanci."
Muka tofa Falaƙi da Nasi, muka tofa Kursiyyu,
zanen bai ji ba, bai fasa liƙewa.

Alharini ne, ruwan madara,
ɗanta ya aiko daga Dammam cikin kwali mai igiyar zinariya,
don likita ya ce fatar bayanta ta koma ɓawon albasa.
Santsi gare shi kamar bakin dillali.
Amma in ya kama ƙaurinta,
sai ka ce yaron da ya ga uwa ta ɗauki mayafi:
ka ɓamɓare nan, can yana maƙalewa.

Ran Juma'a na kai ƙara wajen Uwale,
mutuniyar Mai Wurno, shekara sha tara a shagon wanki,
hannunta duk zanen dutsen guga.
Ta yi dariya har haƙorin Makka ya leƙo.
"Wane aljani? Ƙishirwa ce, 'yar nan.
Mukayyif ya shanye laimar ɗaki,
injin shanya ya toya ragowar.
Ke ma in aka gasa ki haka, za ki yi tartsatsi.
Kada ki ƙara jefa shi a inji.
Ruwan sanyi, hannu, ba murza, ba matsewa.
Ɗaurayar ƙarshe ki tsiyaya khal, cikin murfi ɗaya.
Shanya a inuwa,
ki kwashe da sauran sanyi-sanyi a jikinsa, kafin ya gama bushewa.

Tasa da ruwa a gindin gado.
Hangar ƙarfe ki ratsa tsakanin zane da katifa,
ƙarfe ya san hanyar da wutar ke bi ta koma ƙasa.
Ki raba shi da bargon roba, ba sa ga maciji.
Sannan ki shafa wa tsohuwa mai.
Busasshen jiki shi ke kiran mannewa."

Na yi duka, har da abin da ba ta faɗa ba:
ɗigon ruwan wardi a cikin tasar,
da man kaɗen da Innata ta ɗuro mini a gwangwanin madara,
wanda nake lakata da ɗan ƙaramin yatsa
shekara uku, don tsoron ƙarewa.

Na murza shi a diddigen Hajiya.
Ta shinshina, ta yamutsa fuska, ta ce warin me?
Na ce warin Gumel ne.
Ta yi shiru. Ta miƙo ɗaya ƙafar.
A daren zanen ya kwanta luf kamar ruwan randa,
ita ce ta riƙe mini wuyan hannu har asuba,
riƙon da babu khal ɗin da ke kwancewa.

Yanzu ɗakin lafiya lau.
Sai dai akwai abin da ban gaya wa Uwale ba.
Wani daren, in wata takwas sun wuce ba ɗigon sama,
in 'yata ta kira layin ya tsinke a tsakiyar "Umma",
nakan zubar da ruwan tasar da gangan,
in kashe fitila, in jira barcin tsohuwa ya yi nauyi,
in ja gefen zanen a hankali.

Ga ta nan. Ƙyas.
Walƙiyar gabas, 'yar mitsitsiya, a tafin hannuna.
Nakan tsaya ina sauraro,
ko za a yi tsawa.