Dosiye Mai Lamba Arba'in da Bakwai

Da muka ji za su zo daga Yamai,
muka shafe bangon biro da farar ƙasa,
muka aro kujeru uku a lakwal ɗin Zango,
Malam Kiyari ya sha babbar rigarsa ta salla.

Matar da ta zo ba ta dubi bango ba.
Ruwan da muka saya mata wurin mai garuwa
ya yi ɗumi a kofi.
Ta ce a buɗe akwatin ƙarfe.
Ashe gara ta riga ta karanta takardunmu,
ta cinye sunaye, ta bar mana kwanan wata.

Ta zaro guda. Arba'in da bakwai.
Barira, shekara tara, Kara-Kara.
Uwa ta rasu, uba ya bi zinariya zuwa Jado,
tana hannun kakarta mai fasa dutse.
"Yaushe rabonku da ita?"
Rubutun hannuna ne. Na san amsa.
Wata goma sha ɗaya.

Na so in ce moto ba mai,
in ce mu uku ne a kan yara ɗari biyu,
in ce albashi ma sai ya ga dama.
Duk gaskiya ne.
Amma gaskiyar ta tsaya mini a maƙogwaro
kamar tuwon da ya kwana babu miya.

Rahoton ya iso da Faransanci, shafi ashirin da uku.
Malam Kiyari ya cire tabarau,
ya juya mana layi ɗaya zuwa Hausa:
"Ba wanda ya tambayi yaran."
Ranar ba a dafa shayi ba.

Kansiloli suka zauna, aka yi ta kai ruwa rana.
Daga ƙarshe, lita ashirin a wata.
Muka ɗora akwatin bisa bulo huɗu,
muka kafa allo a bango, kowane yaro da ranarsa,
muka bar lambar waya wurin masu unguwa da ungozomomi.
Ma'aikaci na huɗu da aka yi mana alkawari
har yau yana hanya.

Ranar Laraba na hau moto.
Tsakanin manyan duwatsun Damagaram
na bi ƙarar guduma har na same su.
Tsohuwa Gwamma ba ta ɗago ba.
"Kai ne na bara? Na ɗauka ka mutu."
Na ce da sauran kwana.

Takardata ta ce Barira tana lakwal.
Ga ta nan da faranti cike da tsakuwa,
ta ƙara tsawo, ba ta jira ni ba.
Na tsuguna. Gwiwata ta yi ƙara.
Na ce, me kike so?
Ta dubi kakarta, ta dubi takalmina.
Shiru, har wata akuya ta wuce mu.
"Mushe ya ce ba ni da takardar haihuwa."

Shi ke nan. Takarda guda.
Ni da na shekara ina gadin takardu.

Sawu biyar na yi zuwa gidan shari'a,
shaidu biyu, tambur, jira bisa benci,
kafin ƙasa ta yarda an haife ta.

Yanzu a shafin ƙarshe na arba'in da bakwai
akwai suna da bik shuɗi,
harufa manya, sun karkace kamar dangar kara.
Ita ta rubuta.
Tana fasa dutse har yanzu, ran Asabar da Lahadi.
Na rubuta wannan ma.

An ce matar za ta dawo bayan damina.
Farar ƙasar ta soma ɓarewa,
ba wanda ya ce a sake shafawa.
Gobe arba'in da takwas, Garin Malam,
in mai ya kai.