Bakin Kwalba

Ƙarfe goma na dare a Agege,
in na rufe shagon ɗinki,
sai in tsallaka layin dogo
zuwa rumfar Mama Tope,
inda teburin sinuka ke tsaye
kan ƙafa uku lafiyayyu
da ɗaya mai cikon kwalin ashana.

Sallau ya ce, "Kwashe ƙwallayen nan,
yau ba ramin da za ka ciyar."
Ya ɗauko kwalbar lemo da wani ya shanye,
ya kwantar da ita kan koren ƙyalle,
bakinta yana kallona.
"Shigar da sanda, fitar da ita.
Kada ta taɓa gilashi. Sau ɗari."

Na yi dariya.
Ni da nake zura zare a kafar allura
ina hira da maƙwabci?
Na farko, ƙas.
Na biyu, ƙas.
Kwalbar ta juya ta ba ni baya
kamar mai kayan da na ɓata wa wuyan riga.

"Kafaɗarka ta cika shisshigi," in ji shi,
"gwiwar hannu kaɗai aka gayyata.
Bar ta ta yi lilonta.
Ka damƙi sanda kamar ka kama ɓarawo a Oshodi,
sassauta mata, ba guduwa za ta yi ba.
Kafa yatsun hagu su zama gada,
gada kuwa ba ta rawa don mota ta hau ta."

Jirgin Ibadan ya wuce,
kwanon rufi ya amsa, tebur ya yi ɓari,
na sami wanda zan ɗora wa laifi.
Da jirgin ya yi nisa, ƙas ɗin bai bi shi ba.

Dare na tara ya ba ni farin ƙwallo, shi kaɗai.
"Aike shi bango ya dawo maka.
In ka bugi tsakiyarsa, zai dawo bakin sandarka.
In ka karkace, shi ma zai karkace.
Ba ya cin hanci."
Na aike shi.
Ya dawo tafin hannu guda ta hagu.
Na goga alli, na sake.
Hagu.
Ashe shekara biyu ina zargin tebur,
karkatar tana cikin wuyan hannuna.

Ja baya a hankali.
Tsaya.
Wannan tsayawar ce ta fi ba ni wuya,
a garin da danfo ba ya tsayawa sosai
ko da fasinja na sauka.
Sannan ka saki sanda ta wuce inda ƙwallon yake,
kada ka tsinke ta a hanya.
Kuma bar haɓarka ƙasa,
ƙwallo ba baƙo ba ne da za ka miƙe ka raka shi.

Yaran unguwa suna caca a ɗaya teburin,
suna ce mini mai wa kwalba aikin gayya.
Ruwa ya yi ta ɗiga cikin bokitin Mama Tope.
Aka ɗauke wuta, janareta ya yi tari ya kama.
Alli ya rina mini babban yatsa shuɗi,
har na bar tabo a farar shaddar wani
na biya kuɗin wanki.

Dare na ashirin da shida,
ban ma san na daina ƙirga ba.
Farin ya tafi, ya gaida bango,
ya taho kamar an ja shi da zare,
ya taɓa bakin sandata, ya tsaya.

Na waiga in nuna wa Sallau.
Yana barci kan benci, hula a fuska.
Mama Tope ta miƙo hannu ba ta ko dube ni ba:
"Ɗari biyar, lokacinka ya cika."

Na biya.
Na roƙe ta kada ta sayar da kwalbar.