Bakin Zare

Ni aikina tuƙi ne.
Ƙarfe huɗu na asuba nake tayar da mota a Tokonawo,
in ɗauki Dakta Urrutiya da jakarta da tulun iskarta,
mu hau tudun Atakama,
inda numfashi yake tsada, ashana ma sai an lallashe ta.
Can fararen fayafayai suke tsaye, kunnuwa a sama,
suna sauraron hasken da ya baro gida
tun ba a yi duwatsun nan ba.

Ran nan, a kwanar da taya ta taɓa fashe mana,
na ce, "Dakta, kin ce sammai ma da shekarunsu,
biliyan goma sha uku da ɗoriya.
To, daren jajibirin fa?
Me ke nan, wa ke nan?"

Ta yi dariya, ba ta raini ba.
Ta ce, "Nemesiyo, jajibiri sai da ranar da za ta faɗi.
Kalmar nan kafin 'yar cikin gida ce,
ita da lokaci rana ɗaya aka raɗa musu suna,
ba ka aikenta waje ta leƙo maka.
Lissafinmu yana ja da baya, yana ja,
daf da ƙofa sai alli ya karye.
Wasunmu sun ce wata duniya ce ta tsuke ta sake buɗewa.
Wasu sun ce a can ko babu ma babu.
Ni ban sani ba,
kuma a kan rashin sanin nan ake biyana albashi."

Na kai maganar gida kamar mai ɗauke da ƙwai a hula.
Kaka Edubihes na tsakar gida, ƙarƙashin itacen ɓaure,
tana saƙa da gashin lama, ƙanwar raƙumi marar tozo.
Ba ta ɗago ba.
Ta ce, "Har sai an hau dutse da tulun iska?
Kafin zaren farko akwai turaku huɗu.
Kafin turaku, hannu.
Kafin hannu akwai sanyi, yaro.
Da ba a ji sanyi ba, wa zai saƙa bargo?
Miƙo min jan ƙullin can."

Washegari na faɗa wa Dakta.
Muka wuce tafkin gishiri shiru,
muka wuce jakunan jeji uku da ke kallonmu kullum
kamar muna riƙe da bashinsu.
Sai can ta ce, "Kakarka ta ce kafin sau uku.
Duk a cikin bargon take tsaye."
Ta goge gilashi da hannun riga.
"Amma sanyin nan ya hana ni barci tun ina dalibta.
In akwai shi, wa ya ji shi?"

Ban amsa ba, hanya ta yi gargada.

Da bargon ya kammala ita ta saye shi, ba ta taya ba.
Na gan ta daren Talata a ɗakin na'urori,
allo na zubo lambobi babu mai kallo,
ta shimfiɗa shi a gwiwa, tana bin gefe da farce,
kusurwa zuwa kusurwa, tana neman inda aka fara.
Na san ba za ta samu ba.
Kaka takan tura bakin zare ciki da ƙayar kaktus,
ta bi ta kansa da saƙa,
har ita kanta, in an kwana biyu, sai ta ce ta manta.

A waje fayafayan suka juya gaba ɗaya, a hankali,
kamar tumakin da suka ji motsin mai su.
Na duba inda suka duba.
Duhu ne, da taurari, da sanyi mai shiga haƙori.
Na koma mota na kunna hita,
na jira ta.